Takardar da Ta Dace Tsaf

Wata uku Yaya ta yi tana fama da takarda mai tambayoyi ashirin: goma kan farin ciki da danginsa, goma kan tsoro, kunya, haushi da ire-irensu. Ɗalibi zai zaɓi lamba daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yawan yadda yake jin abin a ransa. Farfesan da ke duba aikin digirinta ya ce ba zai yarda da takardar ba sai ɗalibai ɗari biyu sun cike ta sau biyu, da tazarar mako biyu, amsoshin kuma sun zo kusa da juna.

Ba a rubuta suna. Don a haɗa ta farko da ta biyu, kowa ya sa haruffa biyu na farkon sunan mahaifiyarsa da ranar haihuwarsa.

Ranar haɗawa ta baje takardun a teburin ofis, ta danne su da kofi saboda fanka. Wasu ɗaliban, Allah ya shirye su, uku suka zuba daga sama har ƙasa don su huta. Wani ma kifi ya zana mata. Tana cikin dariya ta ci karo da biyu da suka dace tsaf: tsoro biyar, kunya biyar, kuzari ɗaya, murna ɗaya. Wane bawan Allah ne wannan? Ta duba alamar. Haruffan sunan Mama ne, ranar kuma ta Auta ce, ƙaninta ɗan aji biyu a jami'ar, wanda barkwancinsa ba ya barin mutum ya ci abinci lafiya.

Farfesa ya leƙo ta kafaɗarta. "Yauwa, irin wannan muke nema. Takardarki tana aiki."

Karo na farko ta so a ce takardar ƙarya take yi. Ga shi da bakinta ta yi wa ɗaliban alkawarin ba za a nemi kowa ba.

Da yamma ta tarar da Auta yana kwaikwayon tafiyar Baba, Mama na dariya har da hawaye. Ta ƙare masa kallo, ba ta ga komai ba.

Tana wanke-wanke ya shigo kicin ya ɗauki tsumma, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, kin gama haɗa takardun?"

"Na gama."

"Duka?"

"Duka."

Ya daɗe yana goge faranti ɗaya.

"Ke kika ce mu sa sunan Mama," ya ce a hankali. "Na san za ki gane."

Ta kashe famfo, ta turo ƙofa, ta jawo masa kujera.