Wurin Wankan Alhaji Daudu

Tun da Mahfuza ta gama karatun zanen gine-gine ta dawo Batsari, ba a taɓa ba ta aikin da ya wuce faɗaɗa banɗaki ba. Dangi suna kiranta Injiniya, amma da ta sa baki a maganar gini sai a ce a bari magini ya zo a ji ta bakinsa. Shi ya sa da Alhaji Daudu, ƙanin mahaifiyarta, ya aiko a kira ta, ta ɗauka wani shagon zai ƙara a jikin katangarsa.

Alhaji Daudu da gero da masara ya yi arziki. A hanyarsa ta dawowa daga Umara ya yada zango a Dubai, wani abokin cinikinsa ya kai shi wurin wasan ruwa. Ko takalmi bai cire ba, amma ya cika wayarsa da hotuna, kuma tun da ya dawo ya hana kowa sakat.

Bayan sun gaisa, ya tambayi lafiyar uwarta da ta sauran mutanen gida, sai ya miƙo mata wayar.

"Irin wannan nake so, ɗiyata. A gonata ta wajen Darini, gindin dutsen nan. Dogon bene, fenti ruwan hoda, gilashi ko'ina, a rubuta sunana a sama da wutar lantarki. Ina so mutum yana Runka ya hango shi."

"Kawu, Runka fa da nisa."

"To a ƙara masa tsawo."

Washegari ta hau bayan babur ta je ta ga wurin. Falalen dutse ne mai gangara, da tsamiyoyi a gindinsa, ga kuma wata hanya da ruwan sama ya sassaƙa a jikinsa tun daga ƙoli har ƙasa, sumul kamar an goge. Ta zauna a inuwa ta daɗe tana kallo. Duk lokacin da ta ƙaddara benen ruwan hodan nan a tsaye a wurin, sai ta ji kamar an ɗaura wa raƙumi ɗankwali.

Ta koma gida ta zana abin da ranta ya so. Gini ne gajere na jan tubali da duwatsun wurin, ya jingina bayansa da dutsen. Rufinsa za a zuba masa ƙasa a shuka ciyawa, yadda mai saukowa daga dutse zai taka shi bai san ya hau gini ba. Abin sulu kuwa, inda mutum zai zauna ruwa ya silalo da shi, hanyar ruwan saman nan zai bi, ya zube a kwarmin wanka ƙarƙashin tsamiya. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana za ta ba da ruwa, wanda aka yi wanka da shi kuma ya wuce lambu. Ta ƙera ɗan samfuri da yumɓu da kwali, ta ɗora a faranti ta kai wa kawunta.

Alhaji ya sa tabarau, ya zagaya farantin, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Ina ginin?"

"Ga shi nan, Kawu."

"Wannan ai dutsen ne."

"Abin da ake so ke nan. Ginin ya saje da wurin, kamar can ya tsiro."

"Duk shekarun da kika yi a jami'a, kogo aka koya miki? Ce miki aka yi kuraye zan gayyata wanka?"

Mahfuza ta fara bayanin sanyin ginin ƙasa da yadda gilashi ke tara zafi, amma ta ga bayanin ba ya shiga. Sai matarsa Hajiya Ramlat, wadda ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa, ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Alhaji, a zamanin da masu shi ke sa tsohuwar riga su hau tsohon babur don kada a san suna da shi, kai sunanka kake so da wuta a bakin daji? Ka haɗa musu da lambar wayarka mana, ka hutar da su cigiya."

Alhaji ya hau sosa gemu. Mahfuza ta ga ƙofa ta buɗe, ta ce ai ma manyan masu kuɗin Dubai yanzu irin wannan suke ginawa, mai ƙyalƙyalin nan na masu tasowa ne. Ita da ko Legas ba ta taɓa zuwa ba. Alhaji ya sake duban farantin da wani ido daban, ya ce dama shi ma abin da ya lura da shi ke nan a can.

Aka fara aiki. Magina suna yi suna dariya a ɓoye. A Darini wasu suka ce rumbun ɓoye hatsi Alhaji yake ginawa, wasu suka ce kabarinsa yake tanada tun da sauran ƙarfinsa. In hanya ta yi rashin kyau sai a dakata, in 'yan sintiri suka ce ta lafa a koma. Mahfuza ta yi baƙi ta rame, ta koyi yi wa ƙattin maza tsawa da murya mai ladabi. Zuwa ƙarshen damina aiki ya kammala, ciyawar rufi ta tashi kore shar.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna a farfajiyar ciki, bayan dutsen. Babban baƙo shi ne Onarabul Sharhabilu, ɗan siyasar da ba a taɓa zaɓe babu hotonsa a bango ba. Rana ta take, shinkafa ta huce, babu baƙi. Can wayar Alhaji ta yi ƙara, direban Onarabul ne.

"Ranka ya daɗe, mun bi kwatancen, mun wuce mun dawo, mun sake wucewa. Babu komai a nan sai wani dutse da awaki a kai."

"To ai nan ne," in ji Alhaji, yana hararar Mahfuza.

Ita kuwa sai ta cusa bakin mayafinta a baki, domin tun da take ba a taɓa yabon aikinta kamar yadda direban nan ya yi ba.

Alhaji ya tura ta ta shigo da su ta tsagin da aka bari a matsayin ƙofa, shi kuma ya tattare babbar rigarsa ya hau dutse don ya ɗaga musu hula. A sama ya tarar da awakin Sahabi, makiyayin da rugarsu ke bayan dutsen, sun baje a kan rufin suna kiwo hankali kwance. Ya kora, suka watse, ban da wani bunsuru da ya tsaya yana kallonsa yana tauna. Alhaji ya yi kansa. Bunsuru ya yi tsalle ya dira a bakin abin sulu, inda tun safe aka saki ruwa. Alhaji ya miƙa hannu zai cafko ƙafarsa, takalminsa ya taka santsi.

Daidai lokacin Mahfuza ta shigo da Onarabul da jama'arsa, maroƙi a gaba yana zuba kirari. Bunsuru ne ya fara saukowa, a zaune, yana kuka. Bayansa sai ga Alhaji Daudu a rigingine, iska ta cika babbar rigarsa, yana salati da ƙarfi. Suka faɗa kwarmin ɗaya bayan ɗaya. Maroƙi ya tsaya a tsakiyar kalma.

A ranta Mahfuza ta fara sallama da sana'ar, har da banɗakunan.

Bunsuru ya fita ya kakkaɓe jiki a kan shaddar wani babban mutum. Alhaji ya miƙe, ruwa iya ƙirjinsa, ya share fuska, ya kamo hularsa da ke yawo a kan ruwa ya kifa a ka.

"Onarabul, barka da zuwa. An riga an buɗe, ba sai an nemo almakashi ba."

Sai a sannan jama'a suka samu izinin dariya. Da aka jawo shi waje ya yafito Mahfuza, ya rage murya.

"Lanƙwasar nan ta tsakiya, wadda take wurga mutum gefe, da gangan kika yi ta?"

"Da gangan ne, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya sanar da jama'a cewa ba zai yarda 'ya'yan mutane su hau abin da bai tabbatar da lafiyarsa ba, don haka dole ya sake gwadawa. Ya tuɓe babbar rigar ya hau. Har aka kira la'asar yana tabbatarwa.

Daga baya aka kewaye rufin da shingen ƙaya, Sahabi ya yi ta ƙorafin cewa duk yankin babu ciyawa mai kyan wannan. Aka ware wa mata ranakunsu, Hajiya Ramlat ta zama ita ce mai tsaron ƙofa, ko mai wurin ba ta bari ya leƙo.

Bayan kwana biyu Onarabul Sharhabilu ya kira Mahfuza a waya. Ya yi doguwar gaisuwa, ya yaba mata, sannan ya zo kan magana. Yana da fili a bayan gari, yana so ta zana masa gida.

"Wane iri, ranka ya daɗe?"

"Irin na kawunki, Injiniya. Wanda in an gama zaɓe, mutanen da na yi wa alkawari za su zo su wuce, su dawo su sake wucewa."

Mahfuza ta ce za ta zo ta ga filin, in akwai dutse a kusa.