Inda Alfadara Take Tsayawa

Yayana Bihi ya fara kai baƙi kan tsaunin Tubkal tun ina goye. Bara idanunsa suka soma dushewa. Bai gaya wa kowa ba, ni ma ban nuna na lura ba, ko da yake na sha ganin yana tsiyaya shayi a gefen kofi.

Alfadararsa ce ta rufa masa asiri. Ta san hanya, shi kuma ya riƙe wutsiyarta, kamar yadda masu alfadarai a ƙauyen Imlil suke yi in hawa ya yi tsanani. Amma alfadara ba ta shiga dusar ƙanƙara mai zurfi. Inda fari ya fara, nan take tsayawa, ja-gora ya wuce gaba da nasa idon.

Da sanyi ya kankama, wasu mata da miji suka zo daga Kasabalanka da katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara. Bihi suke so, don shi ya taɓa kai mahaifin mijin. Ya amsa. Abin ya tsaya mini a rai. In na yi magana, na tuɓe wa yayana rawani a gaban baƙi. In na yi shiru, rai uku na wuyana. Sai na ce zan bi su in ɗauki kaya.

"Kai da ka bar tsauni ka koma auna sukari?" in ji Bihi. "Da wannan tumbin?"

"Tumbi ba ya manta hanya, Yaya."

"To, zo. In ka faɗi dai ba mai ɗaukar ka."

Da hantsi muka kai bakin dusar. Alfadara ta tsaya cik. Bihi ya saki wutsiyar, ya yi taku kaɗan, yana laluben ƙasa da sanda.

Na ce, "Yaya, bar ni in wuce gaba yau. Na yi marmarin hawan nan."

Na ba shi ƙofar da zai fita da mutuncinsa, amma bai bi ta nan ba. Ya juya wajen baƙin.

"'Ya'yana, idona iyakarsa nan. Tun a gida ya kamata in gaya muku, son hawan ya hana ni. Ƙanena Moha zai kai ku. Ni na koya masa."

Mijin ya sunkuya ya sumbaci kan Bihi. Bihi ya lalubo hannun rigata, ya ce a hankali, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun kaka."

"Munafuki," in ji shi, yana gyara mini igiyar kaya a kafaɗa.

Da muka yi nisa na waiwaya. Yana tsaye jikin alfadara, yana ɗaga hannu wajen wani kwari inda ba kowa. Na kira sunansa da ƙarfi, ya juyo daidai inda muke.