Rigar Bunyaminu

Ranar da na daina jin ƙamshin miya na san wata matsala na tafe. Mura ce ta jawo. Likita a Bagudo ya ce jijiyoyin hanci ne suka raunana.

Ɗana Bunyaminu ya yi alkawarin barin kai jarkokin fetur ƙasar Benin a babur, tun da wuta ta ci abokinsa. Kullum ya dawo, nakan sunsuna rigarsa a ɓoye, in ban ji warin fetur ba hankalina ya kwanta. Mahaifiyarsa ta rasu, ba wanda zai sunsuna mini.

Jiya ya ce, "Baba, gona na je, a Bahindi."

Na kai rigar hanci, ban ji komai ba. Har yanzu ban san inda ya je ba.