Wurin Miƙe Ƙafa

Orval Pruitt ya dawo daga yaƙi da gwiwar hagu wadda ba ta lanƙwasuwa. Likitocin soja sun haɗe ƙasusuwan, suka ce ya gode wa Allah da ba a yanke ba, suka kuma ce ya manta da tuƙi, don ƙafar da ba ta naɗewa ba ta taka kuloci. Ya gode wa Allah. Maganar tuƙin ce dai ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Tun daga nan Hoyt, ƙanin matarsa, ke kai shi masana'antar ƙarfe ta Fontana kullum da safe, inda aka ba shi kujera a ɗakin ajiyar kayan aiki. Ranar Lahadi matar tasa Nadine ke jan mota zuwa coci, shi yana gefe da ƙafa a miƙe kamar katakon da aka sayo daga kasuwa. Ba wanda ya taɓa yi masa gori. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, kowa ladabi, kowa rige-rigen buɗe masa ƙofa. Shi abu ɗaya yake so a duniya: ya tuƙa motar da ya haɗa da hannunsa a busasshen tafkin El Mirage, inda samari ke gwada gudu ranar Lahadi, shi kaɗai ba mai riƙe masa hannu.

Bodin tsohuwar Fod ce marar rufi, ya same ta a bayan gonar lemo, kaji na ƙwai a ciki. Mai gonar ya ce idan zai gyara masa famfon ban ruwa, ya kwashe tarkacensa ya ba kaji wuri. Inji mai silinda takwas ya fito daga makabartar motoci, daga cikin wata mota da ta yi karo da jirgin ƙasa ta baya. Kafireta biyu kuwa da zomayen Nadine aka musanya su, kuma har gobe ba ta yafe ba. Daɓen ƙasa daga murfin tsohon firiji ya yanko, kujera daga gwanjon kayan jirgin soja. Abin da ya saya sabo a motar nan bai wuce noti da man giris ba.

Tun da farko, sa'ad da bodin ke zaune a saman shasi yadda kamfani ya yi ta, Orval ya hau ya zauna a kan akwatin lemo, ya miƙe ƙafa, ta kai kuloci daidai. Ya gajarce tafiyar kulocin yadda zai tura shi da ƙugu da idon sawu. Ya gwada, ya taku. Ya sauko yana fito, ya ɗauka ya gama da wannan matsalar.

To amma masu haɗa irin wannan mota suna da wata cuta, kuma duk wanda ya zauna da su ya san ta. Ba sa ganin mota ta yi ƙasa yadda ya kamata. A cire madigadi, a cire bamba, a sauke bodi ta haɗiye shasi, a tura inji baya don nauyi ya hau tayoyin baya, a liƙe ƙofofi da walda a goge har ba a ganin inda suke. Bayan kowane sauyi sai a turo motar bakin gareji, mai ita ya tsallaka titi, ya kanne ido ɗaya, ya karkata kai. Daga can nesa ake yanke wa mota hukunci. Orval ke tsallakawa da sandarsa, Hoyt kuwa, ɗan firit da shi kamar tsintsiya, ya yi tsalle ya faɗa ciki ya kama sitiyari don a ga yadda za ta fito da mutum.

"Yaya ka gani, Saje?" Hoyt zai ƙwala.

"Hancinta ya yi sama. Kamar matar fasto."

"Wallahi idan muka ƙara sauke ta, kiyashi ma sai ya sunkuya kafin ya wuce."

"To ya sunkuya. Sauko mu yanka."

Haka suka ci damina da sanyi, yau a rage inci ɗaya, jibi a rage biyu. Bayan motar, wannan gantsararren murfin da ke gangarowa daga bayan kujera zuwa wutsiya, shi Orval ya fi ba wahala. Kaji da tsatsa sun gama da shi, amma ya bi shi da guduma da dalma har ya koma sumul. Da aka zo fenti, injin sharar Nadine suka juya ya riƙa hurawa maimakon zuƙa, suka fesa baƙi, suka goge, suka sake fesawa. Da ya bushe, mutum na ganin haƙoransa a jiki. Maƙwabta suka riƙa rage tafiya idan sun zo wucewa.

Ana saura mako guda a buɗe gudun bana a tafkin, ranar Asabar da hantsi, aka ɗaure kujera. Orval ya miƙa wa Hoyt sandarsa. Ya zauna a gefen bodin, ya ɗaga ƙafar dama ya jefa ciki, ya kamo ta hagu da hannu biyu ya cusa. Tafin ƙafar ya daki bangon inji tun ɗuwawunsa na sama, bai ko kusanci kujera ba. Ya karkata. Ya juya. Ya gwada sa ƙafar ta ƙarƙashin sitiyari, ya gwada ta gefe. Kowane incin da suka sauke, daɓen ya taso da shi. Kowane incin da inji ya ja baya, daga wurin ƙafa ya ci. Wanda zai zauna a motar nan sai ya naɗe gwiwoyinsa har ƙirji, yadda Hoyt ke yi wata da watanni a gaban idonsa, shi kuwa yana can tsallaken titi yana kallon hanci.

Ya daɗe a haka, rabi a ciki rabi a waje. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba ko ranar da aka fara ɗora shi a kan tasar ba-haya a asibiti.

Hoyt ya sosa ƙeya. "A ɗaga bodin a mayar?"

"Mun liƙe ta da shasi ko'ina. Kafin mu ɓamɓare, shekara ta wuce."

"To ka ji, Saje, kada ka ɗauka da zafi. Ni sai in ja ta. Kowa ya san aikinka ne. Mu rubuta sunanka a jiki da manyan baƙaƙe, kana tsaye a bakin layi kana..."

"Ina me?"

Hoyt ya juya sandar a hannunsa.

"Ina ɗaga maka hannu? Ka kai ni aiki, ka dawo da ni, yanzu kuma ka yi min gudu? Gobe sai ka taya ni cin wake."

"Ni fa taimako..."

"Na sani. Shi ya sa."

Nadine ce ta shigo da kofi da burodin masara a faranti. Ita ba ta taɓa son motar nan ba, ta kuma faɗa a gaban kowa, har da fasto. Ta dubi mijinta a maƙale, ta dubi ƙaninta da ke ƙirga yatsun ƙafarsa da ido. Ta ajiye farantin a kan ganga ta koma cikin gida. Da ta dawo, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, allin ɗinki a hannunta.

"Fito, Mista Pruitt. Zauna a ƙasa, jingina da bango."

"Nadine, ba yanzu ba."

"Zauna na ce. Miƙe ta yadda take so. Hoyt, sa bulo a tafin ƙafarsa, ka daina tsayuwa kamar an dasa ka."

Ta auna daga bulon har bango, ta danne wurin a jikin tef ɗin da farce. Ta je motar, ta kafa bakin tef ɗin a kan kuloci, ta ja shi baya. Ya wuce kujera. Ya wuce bakin bodin. Ya hau kan baƙin murfin nan mai sheƙi, ya yi nisa kafin farcen nata ya sauka. Ta ja farin layi mai lanƙwasa daga wannan gefe zuwa wancan, allin na ƙara a kan fenti. Hoyt ya dafe kai da hannu biyu.

"Yaya, kin san abin da kika yi wa layi kuwa? Wurin nan ne motar gaba ɗaya! Mutumin nan sanyin bana kaf a kansa ya ƙare!"

"Na ga hannunsa da safe, ni ke shafa masa mai." Ta juya ga mijinta. "Tun da ka dawo nake farke wandunanka ina sake ɗinkawa saboda ƙafar nan. Masu tsada ma na farke. Ban taɓa cewa ka bar wandon a kwaba Hoyt ya sa maka ba."

Orval ya tashi da ƙyar, ya dafa bango. Ya zo ya ɗora tafin hannu a kan murfin. Rana ta ɗumama shi, santsi kamar kumatun jariri. Yana son wurin nan, ba ƙarya, bai taɓa yin wani abu mai kyau haka ba a rayuwarsa. Har ƙafafunsa sun fara jan shi zuwa tsallaken titi, ya je ya kanne ido ya ga yadda za ta koma. Ya tsaya.

"Kunna min wutar yanka."

"Saje, ka kwana a kan maganar."

"Kunna."

Fentin ya tashi ƙuraje, ya kama da wuta, dalma ta riƙa ɗiga a ƙasa. Hoyt ya fita waje, ya ce hayaƙi ne ya dame shi. Orval ya bi layin allin a hankali har ƙarshe, guntun ya faɗi cikin motar da ƙara. A kwanakin da suka rage suka ja kujera baya, suka sa doguwar sandar sitiyari daga wata matacciyar akori-kura, suka toshe bayan kujerar da sauran murfin firijin. Ba lokacin fenti, ba kuma fentin. Farin faci ne a tsakiyar baƙi, gefensa duk ƙuna.

Ranar Lahadi da sassafe suka jawo ta tafkin da igiya. Samari suka kewaye ta da kofunan kofi a hannu.

"Kai, Pruitt! Wane kare ne ya gatsi motarka?"

"A'a, firiji ce! Buɗe mu ga ko da madara!"

"Ku ƙare mata kallo ta gaba yanzu," in ji Orval. "An jima facin kaɗai za ku gani."

Mota ɗaya-ɗaya ake saki, a ba ta fili ta ɗau wuta, sannan a kama lokacinta tsakanin turaku biyu. Da layi ya zo kansa, ya zauna a bakin bodin, ya jefa ƙafafu, ya zame. Ɗuwawu ya sami kujera, tafin ƙafa ya sami kuloci. Nadine ta ɗaure masa hular fata a haɓa, ta ja igiyar da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ta juya da sauri.

Mai tuta ya sauke hannu. Orval ya janye ƙugu, motar ta zabura. Ya tura ƙugu, zafi ya harba masa daga gwiwa har haƙarƙari, giya ta biyu ta shiga. Ya ciji leɓe ya sake turawa, ta uku ta shiga. Iska ta cika masa baki, ƙasa ta zama fari fat tana gudu a ƙarƙashinsa, sitiyarin na rawa a hannunsa kamar mai rai. Turken farko ya wuce. Ya ji wani yana ihu, sai daga baya ya gane shi ne.

Turke na biyu ya wuce, inda kowa ke ɗaga ƙafa daga totur ya kewayo. Mutumin da ke wurin ya riƙa kaɗa masa hula. Orval ya gan shi sarai. Ya san man tankin ba yawa, ya san Hoyt na can yana tsalle yana zagi, ya san Nadine ta toshe baki da hannu. Zai juya, ba yanzu ba dai. Tafkin na da sauran tsawo, kuma duk faɗin wurin nan babu wanda ya isa ya kamo shi ya taimake shi.