Gero Cikin Tubalin Maccido

"Ni hili anka ba ni, Inna, ban ga gona ba," in ji Maccido. "Ko kara guda babu tsaye. In ga mi?"

Nic ce, "Duƙa ka dubi tubalinka."

Maccido mai hwataucin kanwa na, cikin mutanen Ƙonni da sunka gudo ma aikin tilas na Faransa sunka cika Illela. Kasuwa ta buɗe, kowa na son gida kusa da ita, mai gari ko yanka musu wuri yakai ba tambaya. Gonarmu ita ta ƙarshe bakin gari, gangarenta anka yanka ma Maccido.

Abin da ɗan kasuwa bai sani ba, mu binne mukai. Tun ruwa bai sauka ba mukan sa iri cikin busasshiyar ƙasa mu ruhe, ya jira damina. Bara yunwa ta cinye komi, damin gero guda nib ɓoye, ban taɓa shi ba ko ranar da munka kwana da ruwan zahi. Shi ni da ɗana Dabo munka binne, ga matarshi Hindatu da ciki wata bakwai. Kwana huɗu muna ƙauyen Lafani wajen gaisuwar mutuwa, maginan Maccido sunka haƙe gangaren gonar sunka kwaɓa da ruwa sunka yi tubali. Da munka dawo, gero ya tsiro kore a jikin tubalin.

Maccido yad duƙa yad duba. Da an bar mu ni da shi, da mun daidaita. Sai ƙanenshi Isa yat tuge tsiro guda yana dariya.

"Ashe gidanmu zai ci da kanshi. Inna, ki zo girbi bisa katanga."

Dabo na bayana da sungumin shuka a kahwaɗa. Yac ce, "Aje shi."

"In ƙi hwa, ɗan ƙauye? Nan da shekara biyu wa ka noma nan? Hatsi a buhu za ku saye hannunmu."

Ban ga ɗagawar sungumin ba, ƙarar kawai nij ji, kamar an hwasa ƙwarya. Isa yaz zube cikin kwaɓin, jini na bin kunnenshi yana shiga laka. Maginan su ukku sunka yi kan Dabo. Guda yam maka mai tubali a baki, haƙora biyu sunka hita, guda yat take mai wuya, na ukkun na dukan haƙarƙarinshi da ƙotar gatari. Ina salati nih hwaɗa kanshi, ƙotar tas same ni a kahwaɗa, har yau hannun ga ba ya kai kaina. Dabo yaz zame ta ƙarƙashina yac ciji mai take shi a agara, bai saki ba sai da nama.

Maccido shi yat tsaida su, yana rungume da kan ƙanenshi, rigarshi duk ta jiƙe. Isa na numfashi, amma idonshi ya juye, ba ya gane kowa.

Kahin la'asar dogarai sun ɗaure Dabo da igiya a gindin tsamiyar ƙohwar mai gari. Anka ce tun da Nasara sunka zo, maganar jini ba ta ƙarewa nan, Sakkwato za a kai shi. Tahiya ta kwana ukku, dawowa ko sai Allah. Mai gari bai hito ba, wai yana zazzaɓi.

Ina cikin alwala hadari yat taso daga gabas, ruwa yas sauka sosai. Nis san rabin gonar da ba a haƙe ba zai tsiro, kuma haki zai tsiro tare da shi. In ba a yi noman hwari ba cikin kwana goma sha biyar, ya cinye geron. Ni hannu guda, Hindatu ba ta duƙawa.

Niy yi salla, nit tahi rumhwar Maccido cikin ruwan. Yana zaune kusa da Isa, yana ɗiga mai ruwa a baki da ludayi. Nid durƙusa nan cikin taɓo, ni da na haihi kamarshi.

"Maccido, ɗana ya yi ɓarna, ban zo musu ba. Kai ka da ƙara, kai za su saurara ma. Don Allah ka ce a kwance min shi ya yi noman hwari, in ya gama ni da kaina ni ka kai musu shi."