Sauran Yini Ɗaya

Yini uku Rahab ke bin Marka bashi, kuma Marka ba ta manta ba, don ita ko allura ta ara sai ta riƙe ranar. Shekara talatin da suka wuce, da haihuwar ɗanta Manu ta zo a gicciye, Rahab ungozoma ce ta bar geronta a shanya kaji na ci, ta durƙusa a kanta yini uku cur har yaro ya faɗo. Yanzu da ciwo ya kwantar da Rahab, Marka ta tsallako katanga ta zo biya. Tana cikin dama mata kunu a yinin farko sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida.

Malam Mudi ne, malamin duba-gari da hukumar En'e ta turo daga Funtuwa, da littafi a hammata. Tun jiya mai unguwa ya sa aka yi shela: a share gidaje, a wanke randuna, mai ciwo ya yi wanka ya zauna tsaf, kada a kunyata gari a gaban baƙo. Ita ma Rahab, da ƙafafunta suka kumbura kamar turmi, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci ta jingina da bango.

"Sannu Iya. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Sai godiya."

Ya rubuta, ya rufe littafi. "Madalla. Gida arba'in na shiga yau, kowa da sauƙi. Garinku lafiyayye ne. Ɗakin shan maganin sai a kai shi gaba, inda ake bukata."

Marka ta ajiye ludayi. "Wane ɗaki?"

"Guda ɗaya za a gina a yankin nan, Iya. Inda ciwo ya fi yawa, hanya ta fi nisa. Shi na zo ƙirgawa."

"Au! Ba randa ka zo leƙawa ba? To koma ka zauna. Ƙarya aka yi ta shara maka tun daga gidan mai unguwa har nan."

"Haba Marka," in ji Rahab, "a gaban baƙo?"

"Yi mini shiru, 'yar mishan. Ke ba an hana ku ƙarya a cocinku ba?" Ta ɗage bakin zanen Rahab, ta danna ƙafar da babban yatsa. Rami ya zauna, ya ƙi komawa.

Malam Mudi ya daɗe yana kallon ramin. "Mutum ɗaya ba zai juya takarda ba, Iya."

"Faɗa masa waɗanda aka rasa a hannunki," Marka ta ce wa Rahab. "Ke kika san su."

Rahab ta kau da kai. Abin da ungozoma ta gani a ɗakin haihuwa, nan take barinsa. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa jin sunan kowa a bakinta. Marka ba ta ƙara matsa mata ba, fifita kawai ta shiga yi mata.

Can sai Rahab ta ce, "Shafa'atu matar Labo. Jini ya ɓalle. Muka ɗauke ta a gadon kara zuwa bakin hanyar Ɗanja, muna jiran motar auduga. A gindin tsamiya ta cika, mota ba ta zo ba sai washegari." Ta ja numfashi. "Maijidda, da tagwayenta. Rafi ya kawo, ba a iya ƙetarewa ba. Rubuta, ɗan nan, me ka tsaya kallo?"

Ya yi ta rubutu. Mata goma ta lissafa masa a damina bakwai, ban da yaran da ƙyanda ta kwashe. Nan ta tsaya.

"Shi ke nan, Iya?"

"Saura Dorkas," in ji Marka a hankali. "'Yarta ce. Sa ta."

Malam Mudi ya yage shafin safe, ya ce zai sake zagaya gari. Marka ta so binsa gida-gida, amma yininta bai cika ba. Sai ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji: "Ga malam nan tafe! Duk wadda ta sake ce masa da sauƙi, ni da ita!"

A yini na biyu tana shafa wa Rahab man kaɗe a ƙafa, tana lissafi da baki. "Jiya ɗaya, yau biyu. Gobe mu rabu lafiya."

Rahab ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Mai lissafi! Na yafe miki na goben."

"Roƙonki na yi? Ki daure dai ki karɓi abinki."

Ba ta daure ba. Da la'asar sakaliya, Marka ta ji ƙafar ta yi nauyi a cinyarta. Ta ci gaba da shafa man har ya ƙare a tafin hannunta, sannan ta kira mutane. 'Yan coci suka binne Rahab da waƙoƙinsu a bayan gari. Marka kuwa, ko wa ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ta yi mini wayo. Ta tafi da saura."

Bayan damina biyu aka gina ɗakin, da rufin kwano, kusa da tsamiyar nan. Ranar kasuwa ta farko aka kawo wata Bafillatana a kan jaki tana naƙuda, ba wanda ya san ta. Marka ta dogara sanda ta je, ta zauna a bayanta ta tallafe ta tun hantsi.

Sabuwar ungozomar da aka turo ta ce, "Iya, 'yarki ce?"

"A'a."

"To ki je ki huta mana."

"Yinin ba nawa ba ne. Yi aikinki."

Rana na faɗuwa jariri ya yi kuka. Marka ta wanke hannu, ta ɗauki sandarta, ta bi ta bayan gari. A kan kabarin Rahab ciyawa ta fito. Ta sunkuya ta cire ta ɗaya bayan ɗaya, ta karkaɗe zane, ta nufi gida.