Laifin Tauraro

Saniya ta uku ba ta gama mutuwa ba. Tana ta shure-shure a bakin ramin da harsashin igwa ya haƙa, Saje kuwa ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Atisaye ne kawai. Da safe shi ya ɗaga na'urar da ke tambayar tauraron ɗan'adam inda mutum yake, ya karanta wa masu lissafi matsayin motar igwa. Da rana ta take, ya ga yaransa suna narkewa kamar man shanu, sai ya sa direba ya gangara da motar can ƙasan tudu, inda bishiyoyi suke. Aka sha ruwa, aka taɓa hira. Bai sake tambayar na'urar ba. Masu lissafi suka auna harbi daga wurin da igwa ta riga ta bari, harsashi ya tsallake wayar da ta kewaye filin atisaye ya sauka a garken wani tsoho.

Manjo ya iso yana huci. "Wa ya ɗauki matsayi?"

"Ni ne, yallaɓai."

Saje ya ji igiyoyi ukun da ke kafaɗarsa sun yi masa nauyi. Kalma ɗaya ta isa a warware su.

"Kai?" Manjo ya sauke numfashi. "To magana ta ƙare. Ko a mafarki ba ka taɓa kuskuren taku ɗaya ba." Ya juya wurin mai shanun. "Baba, ka yi haƙuri. Tauraron ne, wani lokaci yakan yi mana ƙarya."

"Tauraron dai ya huta, ba shi da igiyar da za a cire masa," in ji wani kofur daga baya. Aka yi 'yar dariya. Direba bai yi ba. Ya kalli Saje, ya kalli takalminsa.

Tsohon ya daɗe yana duban sama, ya kare ido da tafin hannu.

"Ni ban gan shi ba," ya ce. Sai ya dafa kafaɗar Saje. "Ɗana, duk cikinsu kai kaɗai na ga abin ya taɓa. Dubi yadda kake gumi. Taya ni addu'a."

Ya ɗaga hannuwa. "Wanda ya yi mini wannan, ko a ina yake rataye, na bar shi da Allah."

Ya waiwayi Saje.

"Ka ce amin mana, ɗana."

Saje ya ɗaga hannuwa.

"Amin, Baba."